"An Gwada a Ɓera": Bayani Kan Kariyar da Jiki Ke Yi Tun Kafin Ya San Wace Cuta Ce

Duk wanda ya saba ratsawa ta bakin kasuwar Wunti ko Muda Lawal a Bauchi da yamma ya san muryar: mota a fake, lasifika a kan rufinta, ana jero cututtukan da kwalba ɗaya ke magancewa. A 'yan shekarun nan tallan ya samu ƙari. Bayan taifod da basir da sanyi, sai a ce maganin yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, wani lokaci a ɗora da cewa masana sun gwada shi a ɓera. Irin wannan magana ce ke yawo a WhatsApp da Facebook, ta kuma yi ƙamari lokacin korona, sa'ad da aka yi ta yaɗa cewa allurar BCG da ake wa jarirai tana kare mutum daga cutar.

Abin da ke rikita mutane shi ne maganar ba ƙarya ce zalla ba. Fiye da shekara 100 ke nan ana gwaje-gwajen da ke nuna cewa ana iya zaburar da jikin dabba ta yi tsayin daka ga ƙwayoyin cuta iri-iri cikin awoyi kaɗan, ba tare da an yi mata rigakafin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita ce masana ke kira kariyar farko marar zaɓe. Tana da sharuɗɗa masu tsauri, su ne kuma ba a faɗa a lasifika.

Garkuwa biyu ce, ba ɗaya ba

Bakteriya ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Su ke haddasa taifod, kwalara, tarin fuka, mashaƙo da irin sanƙarau ɗin da ke ɓarkewa lokacin zafi. Daban suke da bairos, mai kawo ƙyanda da Lassa, daban kuma da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Jiki na tarar su da garkuwa iri biyu. Ta farko da ita ake haihuwar mutum: fata, majina, tsamin ruwan ciki, hawaye da miyau masu wani sinadari mai narka bangon bakteriya, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, sai kuma fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙo. Biyu daga cikinsu suka fi shahara, niyutrofil da makrofaj. Mugunyar da ke fita daga maruru galibinta gawarwakin niyutrofil ne da suka faɗi a bakin daga. Wannan garkuwa kamar 'yan sintirin unguwa take: ba su san sunan ɓarawo ba, ba su da hotonsa, amma duk wanda suka gani a kan katanga da tsakar dare sai sun busa usur.

Ta biyu koyonta jiki ke yi. Ita ke ƙera antibodi, makamin da aka auna daidai da ƙwaya guda, ita ke riƙe kamannin cuta shekara da shekaru, ita ce kuma allurar rigakafi ke horarwa. Aibinta jinkiri. A haɗuwar farko tana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta shirya. Ita kuwa ƙwayar bakteriya ta E. coli, in wuri ya yi mata daɗi, tana rabuwa biyu duk minti 20, wato ƙwaya ɗaya za ta iya haura miliyan 16 cikin awa 8. Wanda zai jira mako guda ya makara. Wannan tazarar ce garkuwar haihuwa ke cikewa, kuma a kanta binciken da ake magana ya tsaya.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji

A 1882, a birnin Messina na Italiya, masanin Rasha Elie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake hango cikinta kamar gilashi. Washegari ya tarar da wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan aka fara fahimtar aikin masu haɗiye baƙo. A 1894 wani mai bincike a Jamus, Issaeff, ya lura da abin da ya fi haka ban mamaki: in aka zuba wa ɓeran Masar romon nama a kogon ciki, kwana ɗaya kafin a sa masa ƙwayar kwalara a wurin, sai ya jure adadin da ke kashe ɗan'uwansa. Romo ba magani ba ne. Abin da ya yi shi ne kiran fararen ƙwayoyin jini su taru a wurin kafin abokin gaba ya iso.

Gwajin da ya fi fayyace lamarin shi ne na Derrick Rowley a Landan, tsakanin 1955 da 1956, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An kashe bakteriya, aka ɗebi ɓawon bangonsu, wanda ke ɗauke da wata guba mai suna endotoksin, aka yi wa ɓeraye allurar ɗan kaɗan. Daga nan aka raba su rukuni-rukuni. Wasu aka sa musu bakteriya masu rai bayan awa ɗaya ko biyu, wasu bayan kwana ɗaya ko biyu, wasu bayan kwanaki da yawa. A gefe ga kejin waɗanda ba a yi wa komai ba, don a samu ma'auni. Kowace safiya a zo a ƙirga masu rai.

Rukunin kwana ɗaya zuwa biyu sun jure ƙwayoyin da suka ƙarar da na kejin ma'auni, ko da kuwa ba irin ƙwayar da aka ɗebi ɓawonta ba ce. Rukunin da aka jinkirta wa sun koma kamar ba a yi musu komai ba, kariyar ta gushe. Rukunin awoyin farko kuwa, su ne abin lura: sun fi na kejin ma'auni saurin mutuwa. Allura ɗaya, ɓera iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya, agogo kawai ya bambanta, amma a nan ta yi kariya, a can ta buɗe ƙofa.

René Dubos da Russell Schaedler a New York sun ga makamancin haka a waɗannan shekarun, da endotoksin da kuma BCG. A shekarun 1960 George Mackaness ya nuna cewa ɓeran da jikinsa ke fama da wata ƙwaya, makrofaj ɗinsa kan yi zafin nama har su riƙa kashe wata bakteriya mai suna Listeria, wadda ba ta da dangantaka da ta farkon. A 2008 masu bincike a Houston ta Amurka sun shaƙa wa ɓeraye tururin matattun bakteriya, sai huhunsu ya jure ƙwayar ciwon nimoniya, kariyar ta bayyana cikin awoyi ta kuma dushe cikin 'yan kwanaki. Shekaru sun bambanta, amma siffar abin ɗaya ce: yana zuwa da wuri, ba ya zaɓe, ba ya daɗewa.

Yadda jiki ke gane baƙo

An daɗe ana ganin sakamakon ba a san hanyarsa ba. Wani jinsin ɓeran gwaji mai lamba C3H/HeJ ne ya buɗe sirrin. Wannan ɓera ko an ɗirka masa endotoksin mai yawa ba ya ko gezau, sai a ɗauka jarumi ne. Amma in aka sa masa bakteriyar Salmonella mai rai, 'yar kaɗan ta ishe shi. Gubar ba ta kama shi ne saboda jikinsa ba ya jin ta, kuma tun da ba ya jin ta, ba a busa usur in ɓarawo ya shigo. A 1998 Bruce Beutler da abokan aikinsa suka gano cewa wata 'yar na'urar ji ce a bayan ƙwayoyin garkuwa, mai suna TLR4, ta lalace a jinsin. Shekara biyu kafin nan ɗakin gwajin Jules Hoffmann a Faransa ya ga irinta a jikin ɗan ƙudan da ke bin 'ya'yan itace. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2011.

Waɗannan na'urorin ji ba sa neman ƙwaya takamaimai. Alamomin da bakteriya da yawa suka yi tarayya a kai suke nema. Da sun ji, sai a saki sinadaran kira, zazzaɓi ya tashi, wuri ya kumbura, ɓargo ya ƙara fitar da niyutrofil. Wannan ne kariyar. Shi ne kuma haɗarin, domin in kiran ya wuce kima sai jini ya faɗi, ƙoda da huhu su gaza. Likitoci na kiran wannan hali sefsis, kuma wani babban ƙiyasi ya ɗora masa mutuwar mutum kusan miliyan 11 a duniya a 2017. Saboda haka kalmar "ƙara ƙarfin garkuwa" ba ta da ma'ana ɗaya a wurin likita. Garkuwar da aka zuga fiye da kima kisa take yi.

BCG da muhawarar da ba ta ƙare ba

A 2011 Mihai Netea da abokan aikinsa a Holan suka kawo wata magana da ta sake tayar da fannin. Suka ce garkuwar haihuwa ma tana da ɗan tuni, ana iya horar da ita ta yi watanni a faɗake. A 2012 suka yi wa wasu ɓeraye da ba su da garkuwar koyo kwata-kwata allurar BCG, bayan mako biyu suka sa musu ƙwayar fangas ta Candida. Duk waɗanda aka yi wa allurar sun rayu, na kejin ma'auni kuwa kashi 30 cikin 100 ne suka tsira. A 2018 aka nuna, a ɓera dai, cewa horon yana kaiwa har ɓargo, inda ake haifar sababbin ƙwayoyin jini.

BCG ba baƙuwa ba ce a Bauchi. Ita ce allurar da ake wa jariri ranar haihuwa ko kwanakin farko, mai barin ɗan tabo a damtse. Tun 1921 ake amfani da ita don tarin fuka. Tambayar ita ce ko tana da wani amfani bayan wannan.

Masu cewa e sun dogara da aikin Peter Aaby da cibiyar Bandim a Gini Bisau. Gwaji uku da aka yi a kan jariran da aka haifa ba su da nauyi, da aka haɗa su, sun nuna raguwar mutuwa da kashi 38 cikin 100 a watan farko ga waɗanda aka yi wa BCG da wuri. Bambancin ya fara bayyana tun kwanakin farko, lokacin da antibodi bai isa ya samu ba, kuma ba tarin fuka ne ke kashe jariran ba, sefsis ne da ciwon huhu. Wani gwaji a Entebbe ta Yuganda, da jarirai 560, wanda aka wallafa a 2021, ya ga ƙarancin cututtuka a mako shida na farko.

Masu taka-tsantsan su ma da hujjarsu. A Denmak an gwada jarirai fiye da 4,000, ba a ga raguwar kwanciya asibiti ba. A Indiya, da wani nau'in BCG na daban, ba a ga raguwar mutuwar jarirai ba. Lokacin korona an gwada ma'aikatan lafiya kusan 4,000 a ƙasashe biyar, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna allurar ba ta hana su kamuwa ba, wanda ya rufe bakin saƙonnin WhatsApp na wancan lokaci. Kwamitin masana rigakafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba batun a 2014, ya ce shaidar ba ta kai a sauya jadawalin allurai ba, amma a ci gaba da bincike.

In an auna, ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna sosai ba. Amfanin ya fi fitowa inda cututtuka suka yi yawa, jarirai kuma ba su da ƙarfi, ya kan ɓace inda ba haka ba. Babu kuma wanda ke cewa a jinkirta allurar.

Me ya sa ɓera ba mutum ba ne

Ana amfani da ɓera don yana da araha, yana hayayyafa da sauri, ana kuma iya samun ɗaruruwa masu halitta kusan ɗaya. Ɗalibai a jami'o'inmu, har da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), sun san farin ɓeran nan na Wistar, wanda da yawa daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom ake samo shi. Ba shi ne na rumbu mai yaɗa Lassa ba.

Sai dai jininsa daban. A mutum niyutrofil su ne rabi zuwa kashi 70 na fararen ƙwayoyin jini, a ƙaramin ɓeran gwaji ba su wuce kashi 10 zuwa 25 ba. Endotoksin ɗin da za ta jefa mutum cikin zazzaɓi da rawar sanyi, sai an ninka ta ɗaruruwa kafin ɓera ya nuna irin haka. An yi magungunan sefsis da dama da suka ceci ɓeraye, da aka kai su asibiti ba su rage mutuwa ba. A 2013 wani rukunin masana ya ce yadda jikin ɓera ke amsa kumburi bai yi kama da na mutum ba, wasu masana a Japan suka sake nazarin bayanan nan dai, suka ce yana kama sosai. Har yau ana ja.

Akwai kuma batun tsafta. Ɓeran gwaji a keji mai tsafta aka haife shi, ruwansa da abincinsa an tace, bai taɓa cuta ba. A 2016 masu bincike a Minnesota suka haɗa irinsu da ɓerayen da aka sayo a shagon dabbobi. Kusan ɗaya cikin biyar na ɓerayen gwajin ya mutu, waɗanda suka tsira kuwa garkuwarsu ta koma kama da ta babban mutum, suka kuma jure Listeria nesa ba kusa ba. Ma'ana, ɓeran keji ya fi kama da jariri sabon haihuwa. Yaron da ya taso a Darazo ko Ningi, ya sha zazzaɓin cizon sauro, ya sha tsutsar ciki da ƙurar hunturu, an daɗe da zaburar da garkuwarsa. Abin da zai tayar da ta ɓeran keji ba lalle ya ƙara masa komai ba.

Babban bambancin dai shi ne na lokaci. A ɗakin gwaji mai bincike ne ke zaɓar ranar da cuta za ta zo, sai ya ba da maganin kwana ɗaya kafin nan. Mutum bai san ranar da zai sha ruwan da ke da taifod ba, kuma sai ya kwanta yake neman magani. Gwajin da ya nuna kariya kafin cuta bai ce komai a kan warkarwa bayan ta kama ba.

Abin da ya shafi mutanen gari

Ga mai jego, abin da binciken ya ƙarfafa shi ne wanda ma'aikatan asibiti suka saba faɗa: a kai jariri BCG da wuri, kada a jira sai bayan suna ko arba'in. Inda ake haihuwa a gida, kamar yadda ya yawaita a ƙauyukanmu, nan jinkirin ya fi faruwa. Wani lokaci kuma daga asibitin ne, domin kwalbar BCG ta jarirai da yawa ce, in an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa wasu wuraren ke ware rana guda a mako. Dakashi ma yana cikin lissafi, wato nonon farko da wasu ke matsewa su zubar: yana ɗauke da antibodin uwa da sinadaran kariyar farko.

Ga mai shiga kemis ya sayi kafso biyu don ciwon kai ko mura, akwai wani tsohon gwaji da ya dace ya sani. A 1954 a Chicago aka ba ɓeraye antibayotik ɗin streptomycin ta baki, sannan aka ba su Salmonella. Ɓera mai lafiya sai an ba shi ƙwaya wajen 100,000 kafin ta kama shi. Wanda ya sha maganin, ƙasa da 10 sun isa. Maganin ya share bakteriyan kirki da ke zaune a hanji, waɗanda su ma ɓangare ne na kariyar farko. Wannan ƙari ne a kan matsalar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, Afirka ta Yamma kuma ita ce kan gaba in an auna da yawan jama'a.

Masu kiwon kaji su ne suka fi kusa da cin moriyar fannin kai tsaye, saboda su sun san ranar da haɗari ke zuwa: makon farko na 'yan tsaki. A 1973 Esko Nurmi a Finlan ya nuna cewa ɗan tsakon da aka ba bakteriyan hanjin babbar kaza mai lafiya yana jure Salmonella cikin ɗan lokaci. Tsakon gida yana samun haka daga tsattsagar inda uwarsa ta bi, na injin ƙyanƙyasa kuwa ba ya samu. Yau akwai kayayyakin kasuwa da aka gina a kan wannan. Al'adar zuba antibayotik a ruwan tsaki tun ranar da aka sauke kwali tana aiki ne akasin haka, kuma babu ɗayansu da ke maye gurbin rigakafin cututtukan kaji na Gumboro da Newcastle, domin waɗannan bairos ne masu bukatar garkuwar koyo.

Masu sikila, masu ciwon suga da yaran da ke fama da tamowa su ne garkuwarsu ta farko ke da rauni na gaske. A sikila saifa ce ke lalacewa tun ƙuruciya, ita ce kuma matatar da ke tsame bakteriya daga jini. Abin da aka tabbatar yana taimakonsu shi ne rigakafi, abinci, daidaita suga, da penisilin na kullum ga ƙananan yara masu sikila in likita ya rubuta.

Saura kwalbar da ke kan mota. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya tana nufin an duba ba ya cutarwa ne a gwajin farko, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, kuma ana bukatar a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. In an ce an gwada a ɓera, akwai abin tambaya: ɓeraye nawa, akwai kejin ma'auni ko babu, kafin cuta aka ba su ko bayanta, ta baki ko ta allura, an kuma gwada a mutane daga baya? Tambaya ɗaya ta fi sauran muhimmanci ga tsirran da ake jiƙawa. Endotoksin tana nan a ƙura, a ruwa, a jikin saiwa da ganye, tafasawa ta yau da kullum kuma ba ta kashe ta. Jiƙon da aka yi wa ɓera allurarsa a ciki zai iya nuna kariya saboda wannan gurɓatar kawai, kamar yadda romon Issaeff ya nuna, ba don wani sirri da ke cikin itacen ba. Shi ya sa ɗakunan gwajin da suka san aiki ke auna endotoksin a cikin jiƙo kafin su taɓa ɓera ko ɗaya.